Ruwan Randarki da Gubar Dalma: Matakai 15 ga Matan Karaye da Rogo

'Yar'uwa, mu fara da randar da ke tsakar gidanki. Kin wanke ta, kin rufe da faifai, kin hana yara tsoma hannu, ruwan ya kwanta garau. Kin yi naki. Sai dai akwai wata guba da ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta, harshe ba ya gane ta. Sunanta dalma. Sau da yawa ruwa kan baro ƙarƙashin ƙasa lafiya lau, a hanya dalmar ke shigarsa: daga tsohon fayif, daga kan famfo, daga kayan cikin tuƙa-tuƙa.

Mu 'yan Arewa mun san sunan nan da ciwo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara akalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A 2015 ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Can daga ƙurar duwatsun zinare ta fito, mai yawa a lokaci ɗaya. Ta cikin ruwan sha kuwa kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki, shekara da shekaru, tana cin ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ji kukansa ba.

Masu bincike daga Jami'ar North Carolina ta Amurka sun auna ruwan tuƙa-tuƙa da famfunan unguwa 261 a karkarar Ghana, Mali da Nijar, suka fitar da sakamako a 2021. Kashi 9 cikin 100 na ruwan da suka auna ya haura ƙa'idar dalma ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma sun ɗora laifin a kan kayan famfon, musamman na tagulla. Irin waɗannan famfunan muke bugawa a Zarewa, Fulatan, Yammedi da Tudun Kaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya hore mana ruwa. Madatsar Challawa da aka kammala a 1992 tana nan a ƙasar Karaye, tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ga kuma ta Kusalla. Abin da ya rage mana shi ne ruwan ya iso bakin yaro da tsabtarsa. Aikin kashi biyu ne: wanda za ki yi da hannunki, da wanda za ki sa gwamnati ta yi da kuɗinta.

GOBE DA SAFE, A GIDA

1. Kada ki sha ruwan farko.

Ruwan da ya kwana a cikin fayif ko cikin tuƙa-tuƙa shi ya fi jiƙa ƙarfe, don haka shi ya fi ɗaukar dalma. Idan famfo ne, buɗe shi ya zuba na minti biyu zuwa uku. Idan tuƙa-tuƙa ne, a buga a cika bokiti ɗaya ko biyu kafin a tara jarkar sha.

Ruwan farkon ba asara ba ne. Yi wanki da shi, yi shara, wanke banɗaki. Fata ba ta shan dalmar ruwa yadda ciki ke sha.

Ki gaya wa yaran da kike aika ɗebo ruwa da asuba. Ki gaya wa mai garuwan da ke kawo miki. Jarkar farko ta wanki ce, ta bayanta ta randa.

2. Ki san abin da tafasawa ke yi da abin da ba ta yi.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifod, kuma ki ci gaba da yi. Amma wuta ba ta ƙone dalma. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, ita ta zauna a tukunya. Haka maganin kulorin da tacewa da ƙyalle: suna maganin ƙwayoyin cuta da datti, ba sa raba ki da dalmar da ta narke.

Saboda haka a jere ake yi. Fara zubar da ruwan farko, sannan ki ɗebi na sha, sannan ki tafasa ko ki sa magani.

3. Kada tsoro ya mayar da ke kududdufi.

Wannan ki riƙe shi da kyau. Kada garin neman gira a rasa ido. Ruwan rafi, na kududdufi da na buɗaɗɗiyar rijiya na iya kwantar da yaro da amai da gudawa cikin kwana ɗaya. Rijiyar burtsatse ta fi su aminci nesa ba kusa ba. Gyara ta za mu yi, mu ci gaba da sha.

4. Zagaya ki duba ƙarfen da ruwanki ke bi.

Ɗauki minti goma ki bi hanyar ruwan daga tushe zuwa randa. Abu uku za ki nema: tsohon fayif na ƙarfe da ya fara tsatsa, kan famfo mai launin zinare na tagulla, da wurin da aka yi liƙi da dalma a mahaɗar fayif.

Idan kin ga fayif mai launin toka, mai taushi, karce shi da mukulli. In wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa, kuma maganaɗisu bai kama shi ba, to da alama na dalma ne. Irinsa ba shi da yawa a garuruwanmu, amma a tsofaffin gine-gine ya kamata a duba.

Idan da safe ruwan na fitowa ja-ja kafin ya washe, ƙarfen ciki na cinyewa. Jan launin tsatsa ne, amma ruwan da ke cin ƙarfe yana iya kwaso dalmar da ke jikin sauran kayan. Ki rubuta wannan, za ki buƙace shi a mataki na 11.

5. Raba kayan ruwan sha da na sauran aiki.

Bokitin fenti, duron da aka zuba sinadari, jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi, duk su fita daga layin ruwan sha. Randa mai murfi, ko jarkar da tun asali ta abinci ce, su ne naki. Moɗa ɗaya ta ɗiba, a rataye ta, kada ta sauka ƙasa.

Idan akwai mai fasa tsofaffin baturan mota ko na sola kusa da rijiyarku, a yi masa magana cikin mutunci ya matsa nesa. Cikin baturin nan akwai dalma mai yawa, kuma damina na wanke ƙurarta zuwa inda ruwa ke taruwa.

6. Fara da jariri da mai ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalmar da ke jinin mai ciki kuma tana ratsawa zuwa ɗan da ke cikinta. To in ruwa mai kyau kaɗan ne a gidan, su za a fara ba.

Wata shida na farko, nonon uwa zalla ya wadatar, ba sai an ɗura wa jariri ruwa ba. Idan an fara dama masa koko ko kunu, da ruwan da aka ɗiba bayan an zubar da na farko za a dama.

Ki cika musu ciki da abin da ke tare wa dalma hanya. Yaro mai yunwa ko mai ƙarancin jini ya fi tsotse ta. Wake, zogale, alayyafo, miyar kuka, ƙwai, nono, kifin Challawa, lemo da gwaiba, duk suna kasuwarmu.

7. Toshe sauran ƙofofin da take shigowa.

Kwallin dutse da muke sa wa jarirai, asalinsa dutsen dalma ne. Yaro zai murza ido ya kai hannu baki. Ki daina sa masa. Tukunyar da aka ƙera da narkakken tarkacen ƙarfe, kada abinci mai tsami ya kwana a cikinta. Fentin da ke ɓarewa a bango, share shi da jiƙaƙƙen tsumma, ki wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

Idan yaro ya yawaita ciwon ciki, ya daina cin abinci, ya ɗashe, ya zama mai yawan rigima, ko ya fara jijjiga an yi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba, ki faɗa wa likita ƙarara kina son a duba dalma a jininsa. Idan asibitin kusa ba shi da na'urar, nemi takardar turawa zuwa babban asibiti a Kano ko Zariya. Akwai maganin da ke fitar da ita daga jini, amma a hannun likita kawai ake shan sa.

CIKIN MAKON NAN, A UNGUWA

8. Ku haɗa kwamiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan famfonku na da kwamitin kula da ruwa, shiga. Idan babu, ku kafa: mata uku, maza uku, malamin makaranta ɗaya mai iya rubutu, da mai gyaran famfon unguwa. Ku sanar da mai unguwa da dagaci tun ranar farko. A roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, malamar Islamiyya ta faɗa wa mata.

Ku sayi littafi guda. A rubuta kowane famfo da ke unguwar: inda yake, shekarar da aka haƙa, wanda ya haƙa, ranar gyaran ƙarshe, gidaje nawa ke sha. A ɗauki hoton kowanne da waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma jami'i takarda yake karantawa.

9. Ku kai ruwan awo.

Awo ne kaɗai ke raba gardama. Ku yi karo-karo, ku fara da famfon makarantar firamare, na asibitin sha-ka-tafi, da wanda ya fi jama'a.

Ku tuntuɓi ɗakin gwajin Hukumar Ruwa ta Jihar Kano, ko sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero. Ga mutanen Rogo, Zariya ba nisa: akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Ku kira kafin ku tafi, ku tambayi farashi da irin kwalbar da suke so.

Kwalba biyu za ku ɗiba a kowane famfo. Ta farko, ruwan farko bayan famfon ya huta akalla awa shida. Ta biyu, bayan an zubar na 'yan mintoci. A rubuta suna, rana da lokaci a jikin kowacce. Ku ambaci dalma da bakinku, domin gwajin da aka saba yi na ƙwayoyin cuta ne.

10. Ki iya karanta sakamakon da kanki.

Lamba ɗaya za ki haddace: 0.01. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar da lamba NIS 554, ta ce dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Daidai take da ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato maikurogiram 10.

Idan kwalbar farko ta haura, ta biyu ta sauka, matsalar na jikin kayan famfon, canza su zai magance ta. Idan duka biyun sun haura, a dakatar da sha da girki da ruwan, a koma wani famfon da aka auna, a kai rahoto ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.

Idan duka sun sauka, alhamdu lillahi. Ku adana takardar, ku sake awo bayan kowane babban gyara.

CIKIN WATAN NAN, A OFIS

Kafin ki ce gwamnati ba ta jin kira, ga misali biyu. A Amurka, garin Flint ya sauya tushen ruwansa a 2014, ruwan ya ci tsofaffin fayif na dalma. Iyaye mata ne suka riƙa ɗaukar kwalabe zuwa taro, sannan wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon jinin yara a 2015. A 2021 ƙasar ta ware dala biliyan 15 don tone fayif ɗin dalma a sauya su.

Na biyun a gida ne. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin kimanin naira miliyan 850 don aikin gubar dalma a Zamfara, kuɗin suka maƙale, yaran ƙauyen Bagega na jira. Matasan ƙungiyar Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu, suka hana maganar kwanciya. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka fara yi wa yara magani. A wuraren biyu, shaida a hannu da naci ne suka buɗe asusun.

11. Rubuta takarda mai shafi ɗaya.

Kada ku rubuta "muna fama da matsalar ruwa" kawai. Kowa na rubuta haka. Ku faɗi sunan unguwa da mazaɓa, yawan famfunan, yawan gidajen da ke sha, abin da awo ya nuna, da ainihin abin da kuke so. Misali: a canza fayif ɗin ƙarfe na cikin tuƙa-tuƙa uku zuwa na roba mai ingancin ruwan sha ko na ƙarfe marar tsatsa, a canza kawunan famfo, a sake awo bayan aiki.

A liƙa hotuna da kwafin sakamakon. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. A yi kwafi biyar. Duk ofishin da aka kai, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafinku.

12. Ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Ƙofar farko kansilan mazaɓarku da shugaban ƙaramar hukuma. Karaye na da mazaɓu 10, Rogo na da 10. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Gyaran tuƙa-tuƙa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ta biyu hukumar RUWASA ta Jihar Kano, mai kula da ruwan karkara. Idan ruwan fayif ne na cikin gari, Hukumar Ruwa ta Jiha da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa.

Ta uku wakilanku. Karaye da Rogo ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su a Abuja, kuma kowacce na da nata ɗan majalisar jiha. Ayyukan mazaɓu da suke sawa a kasafi sau da yawa rijiyoyin burtsatse ne, wasu kuma ta hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are suke biyowa, wadda ke kula da madatsar Challawa.

Ku kai kwafi fadar hakimi, ta nan ya isa Masarautar Karaye, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin biyu. Maganar da ta bi ta hannun iyayen ƙasa ba ta saurin ɓata.

Lokaci ma na da muhimmanci. Ana haɗa kasafin kuɗi ne a watannin ƙarshen shekara, don haka takardarku ta isa tun damina ba ta ɗauke ba.

13. Idan aikin ya zo, ku tsaya a kansa.

Nan ne aka fi yin sakaci. An kawo sabuwar rijiya mai sola, an yi murna, ba wanda ya tambayi irin fayif ɗin da aka zura. Tun ranar da motar haƙa ta iso, mutum biyu na kwamiti su kasance a wurin.

Tambaya huɗu za ku yi wa ɗan kwangila, cikin ladabi. Wace hukuma ce ta ba da aikin? Wane irin fayif da kan famfo aka rubuta a takardar kwangila? Kayan na da tambarin SON, kuma an yi su ne don ruwan sha? Ina sakamakon awon ruwan, har da na dalma?

Kai maigida, da kai matashin da ke da waya mai kyau, wannan naku ne. Ku ɗauki hoton allon aikin, da na kayan kafin a binne su. Abin da ya shiga rami ba ya sake ganuwa.

Kada kwamiti ya sa hannu a takardar karɓar aiki sai an ga sakamakon awo.

14. Bi sawun kuɗin.

Kasafin Tarayya da na Jihar Kano duk ana wallafa su a intanet. Ku sa wani ɗalibi ya nemo sunan Karaye ko Rogo a ciki, ya rubuto duk aikin ruwa da adadin kuɗinsa. Shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT na taimakawa wajen gano ayyukan mazaɓu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta wa hukumar gwamnati ki nemi bayanin aiki, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Idan an rubuta aiki a kasafi, an saki kuɗi, ba a gani a ƙasa ba, hukumar ICPC na bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma tana karɓar ƙorafi.

Ku riƙe gaskiya. Kada ku zargi kowa da abin da ba ku da shaidarsa, kada ku bari a mayar da maganar ta jam'iyya. Famfo ɗaya 'yan kowace jam'iyya ke sha. Idan an yi aiki mai kyau, ku fito a rediyo ku yaba, gobe ma za a saurare ku.

15. Ku ajiye asusun gyara.

Ko gwamnati ta canza komai, famfo zai sake lalacewa, kuma a wurin gyara ne kayan banza ke komawa ciki. Kowane gida ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, ma'aji ta rubuta, a karanta lissafi a gaban kowa.

Ku yi yarjejeniya da mai gyaranku: ba liƙi da dalma, ba tsohon fayif na gwangwan, ba kan famfon da ba a san asalinsa ba. In zai tafi sayen kaya Kano, mutum ɗaya na kwamiti ya raka shi. Araha ba ta ado, balle a abin da jariri zai sha.

To 'yar'uwa, ga jadawalinki. Gobe da asuba, bokitin farko na wanki ne. Kafin azahar, kin zagaya kin duba fayif da kan famfo, kin ɗauke kwallin dutse daga kayan jariri. Kafin Juma'a, kin yi magana da maƙwabta uku da mai unguwa. Kafin wata ya mutu, kwalabenku na ɗakin gwaji, takardarku na kan teburin kansila da hatimi a jikin kwafinku. Yaron da ke bayanki yau shi zai zauna a aji nan da shekara biyar, kuma da ƙwaƙwalwar da kika tsare masa zai ɗauki karatu. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, ya ba ki ikon farawa gobe.